Bindigar da Zainabu ke son saye

Shekara takwas ke nan da rasuwar matata, Hajiya Rabi, amma har yau dattawan masallacinmu na unguwar Parkchester da ke Bronx, a nan ƙasar Turawa, ba su daina yi mini dariyar kwali ba. Ni boko bai zauna a kaina ba, hular sanyi da laima nake sayarwa a bakin titi. Wata Asabar Hajiya ta ja ni zanga-zanga, ta miƙo mini kwali mai rubutun Turanci. Na ɗauka maganar tsadar haya ce, na ɗaga shi sama har kafaɗata ta ƙage. Sai da hotona ya zaga wayoyin jama'a aka fassara mini: wai jikina nawa ne, ni zan zaɓi lokacin da zan haihu. Ni, da furfurata!

Da na yi mata ƙorafi, cewa ta yi, "To Malam, ƙarya aka rubuta?"

Haka take. Ita ke raka matanmu asibiti ta yi musu tafinta, kuma idan mace ta ce ta gaji, tana son tazarar haihuwa, Hajiya ba ta cusa "sai na tambayi maigida" a cikin fassarar. Bindiga kuwa ta tsane ta tun ranar da harsashi ya fasa gilashin shagon da take kitso, ya wuce ta saman kan wata yarinya.

Amma abin da na fi tunawa shi ne ziyararta. Idan labari ya zo cewa wane yana dukan matarsa, mu maza mukan taru mu ce a yi haƙuri. Ita sai ta tara ƙawayenta, Kanawa da 'yan Maraɗi da matan Zangon Kumasi, su tafi gaisuwa. Ta san Bahaushe ba ya iya korar baƙo, ko a Bronx ne. Su baje a falo da carbi, su cinye shinkafar gidan, su riƙe rimot. Ni ne ɗan dakon kuloli. Akwai wani direban tasi da ya ajiye bindiga a saman kabad, tsoro ya hana matarsa sakat. Ba wadda ta yi masa faɗa. Gaishe shi kawai suke yi safe da yamma, suna tambayarsa lafiyar "ƙarfen nan". Da ƙafarsa ya kai bindigar wurin hukuma, don dai ya samu kujerarsa.

To ga abin da ya sa na tuno duk wannan. 'Yarmu Zainabu, ma'aikaciyar jinya ce, tana zaune da 'ya'yanta biyu a unguwar Tompkinsville, can tsallaken ruwa. Aurenta ya mutu, tsohon mijin ne bai yarda ba. Kotu ta hana shi kusantarta, sai ya koma ajiye mota a tsallaken titi yana kallon tagarta. Watan jiya ta ce mini za ta nemi lasisin bindiga, tana son in sa mata albarka.

Tun ranar nake juya abin a raina, ina son sanin me uwarta za ta ce. Matar da ta ƙarar da ƙarfinta wajen tsare mata, ita ce kuma ta ƙarar da shi wajen raba gidaje da bindiga, kuma ban taɓa ganin ranar da abubuwan biyu suka yi karo ba sai a kan 'yar cikinta. Wani lokaci nakan hango ta ta buɗe ƙofar motar mutumin ta zauna a baya, ta ce, "Ɗana, mun zo gaisuwa." In yi dariya ni kaɗai. Sai kuma in tuna ƙawayen nata: wasu sun koma gida, wasu gwiwa ta hana su hawa bene, 'ya'yansu kuma aiki bibbiyu suke yi. Ban ma sani ba ko akwai sauran kunyar baƙo a idon irin wannan mutum.

Abin da na tabbata ta bari shi ne 'yar da ba a rufe mata baki da "yi haƙuri". Wannan gadon na ɗanɗana shi da kaina. Na hau jirgin ruwa na je har falonta, na gyara zama irin na manya, na ce, "Zainabu, uwarki ba za ta yarda da wannan ba."

Ta leƙa taga tukuna, sannan ta juyo da Hausarta mai tuntuɓe.

"Baba, Mama tana da rundunar mata a bayanta. Ni wa nake da shi?"

Ina zaune a gabanta ta faɗi haka.