Tsohon da Ke Leƙa Ƙasan Fiza

Mai goge tebura a wurin cin abinci na filin jirgi ta ga masu cin fiza iri-iri, amma ban da irin tsohon nan. Kowa na kai loma ido a kan agogo, shi kuwa ya ɗaga yanka ɗaya yana leƙa ƙasansa, yana ƙwanƙwasa gefen da farce. Hannuwansa duk tsohon tabon ƙuna ne. A ranta ta ce, wannan a bakin tanda ya tsufa, wataƙila yau ce rana ta farko da ya bar wa wani gashin burodinsa.

'Yarsa na riƙe da tikiti biyu da ambulan ɗin asibiti.

"Baba, don Allah ka ci, an fara kiran jirginmu."

"Bari, 'yar nan. Ba a yi wa aikin mutum gaggawa."

Yana taunawa a hankali, ido a lumshe. Sai ya miƙe, ya juya wajen mai gashin da ke bayan kanta, ya ɗaga murya.

"Malam, ka san wuta!"

Mai gashin, wanda tun safe ba wanda ya dubi fuskarsa, ya ajiye faranti ya dafa ƙirji.