Gurbin da Yayana Bai Samu Ba

Yayana ne ya fara neman shiga jami'a a gidanmu na Chinade. Likita yake so ya zama, kuma babbar jami'a ya sa a ransa, irin wadda ake cewa sai mutum ya hau mota daga wannan aji zuwa wancan. Shekara bayan shekara yana zana jarrabawa, yana samun maki mai kyau, amma gurbi ya ƙi fitowa. Kafin wata jarrabawar ta zagayo, acaɓa yake yi tsakanin Chinade da Azare.

Da na gama sakandare, shi ya goya ni a babur zuwa shagon intanet na wani ɗan kudu kusa da kasuwar Azare, don mu nema tare. Na ce ni ma likitanci zan sa. Ya riƙe hannuna.

"A'a, ƙanwata. Mutane sun yi yawa a wannan ƙofar. Ki duba abin da kike iyawa, kuma kada ki raina zaɓi na biyu."

"To kai fa, Yaya?"

"Ni na riga na yi nisa," ya ce, yana dariya.

Na sa koyarwa. Shi ya sake sa likitanci.

Da kaka sakamako ya fito. Ni na samu, shi bai samu ba. Mai shagon ya sake dubawa, ya girgiza kai. A hanyar gida, da muka wuce gonakin gero, Yaya ya ce in riƙe shi da kyau, hanya ta lalace. Da muka iso, ya riga ni shiga gida ya yi wa Inna albishir.

Shi ya kai ni tasha ranar tafiyata. Bai sake zana jarrabawa ba, littattafansa ma ya raba wa yaran unguwa. Ina aji biyu zazzaɓi ya kwantar da shi. Kafin saƙo ya iso gare ni an riga an kai shi makwancinsa.

Yanzu ina koyarwa a Azare. Idan ɗalibaina suka zo neman shawara, nakan ce su nemi wanda ya shiga jami'ar ya faɗa musu gaskiyar yadda ake ɗauka, kuma kada su ɗaure rayuwarsu a kan fanni ɗaya. Wasu su ji. Wasu su ce ai Malama ba ta san buri ba. Ba na musu da su.