Baƙon Da Ya Kawo Mana Jirgin Yaƙi

Ban taɓa jin kakata Iya ta kira sunan mahaifina ba, ko sau ɗaya. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa Bafulatana ce mai tsananin kunya. In maganarsa ta zama dole sai ta ce “mutumin naku”, tana kallon wani wuri. Shekara ukun da ya yi a wata ƙasar Larabawa yana aikin gyaran jiragen sama, ba ta taɓa tambayar kowa labarinsa ba. In wasiƙarsa ta zo, ni ake kira in karanta wa Innarmu, Iya tana can gefe tana ɓarar gyaɗa kamar ba ta ji. Sai an gama ta ce in miƙo mata takardar ta ga ko za ta yi ƙunshin kanwa. Ta daɗe tana juya ta, sannan ta mayar. Ba ta iya boko ba. Ba ta kuma taɓa ƙunshe kanwa da ita ba.

A Fulatan muka tashi. Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha’i, mukan taru a ƙofar ɗakin Iya, ni da ƙanina Sule da ’ya’yan Baffa Bello, ƙanin mahaifinmu. Za ta hura wutar kara, ta tura dankali cikin toka, ta ja zane ta rufe ƙafafunta. Ba ta farawa yadda sauran tsofaffi suke farawa. Cewa take, “Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa.” Mu kuma mu amsa, “Ta shigo, akwai tabarma.” Daga nan har dankali ya nuna ba mai motsi.

Ina shekara goma sha ɗaya, a farkon shekarun casa’in, wani baƙo ya sauka a gidanmu. Ɗan acaɓa ne ya kawo shi daga tashar Rogo, da jakunkuna biyu. Dogo ne, siriri, mai yawan sunkuyar da kai. Ya ce sunansa Garba, tare suke aiki da mahaifinmu, ya dawo gida ne shi ya sa aka ba shi saƙo. Baffa Bello ya sauke shi a zaure, muka riƙa kiransa Baba Garba. Ya kawo wa mata atamfa, ya kawo wa Iya bargo, ya kawo wasiƙa. Ya miƙa wa Baffa akwatin ƙarfe cike da sifanu da filaya, wai kyauta ce daga yayansa. Mu yara kuma ya fito mana da wata ’yar na’ura mai ruwan toka, da kaset, da abin riƙewa mai maɓallai. Ya ce wasan gem ne.

Baffa yana da ƙaramar talabijin marar kala da yake kunnawa da batirin mota. Ranar, bayan la’asar, Baba Garba ya haɗa wayoyi, sai ga sararin sama a cikin gilashi, da jiragen yaƙi uku a jere, a zaɓi ɗaya. Biyu manya ne, fukafukansu cike da makamai. Na ukun ɗan siriri ne, kamar an fiƙe shi da wuƙa. Maza duk suka yi rububin manyan. Da layi ya zo kaina, sai Baba Garba ya nuna ƙaramin da yatsa.

“Rabi, ɗauki wannan. Irinsa babanki yake gyarawa.”

“Baba, ai ba shi da ƙarfi.”

“Ba shi da nauyi dai. Waɗanda suka ƙera shi don sayar wa wasu ƙasashe suka yi shi, manyan kuwa suka riƙe wa kansu. Mansa ba ya daɗewa, makami mai linzami biyu kacal yake ɗauka. Amma wajen juyi ba mai kama shi.”

Shi ya koya mini dabarar. Kada in yi gaba da gaba da babban jirgi. In bar shi ya biyo ni, har sai na’urar ta fara ƙara tana gargaɗi, sannan in rage gudu in karya kwana da ƙarfi. Nauyinsa zai wuce da shi gaba, sai in tsinci kaina a bayansa. Kafin magariba na kakkaɓo jirage huɗu, abin da ba namijin da ya yi. A ganina babana ne ya ɗaure kowane kusa na jirgin nan da hannunsa.

Ban san Iya tana tsaye a ƙofar zaure ta ciki ba sai da ta yi magana.

“Ke, wa kike harbi haka?”

“Abokan gaba ne, Iya.”

“Me suka yi miki?”

Sule ya yi mata bayanin ƙaramin jirgi da manya, da yadda ake sayar da shi. Ta saurara har ya gama, ta ce, “To. Mutum ya ba ka ƙarami ya ɓoye babba. Ni dai in an yi mini haka, ɓoyayyen nake son gani.” Ba talabijin take kallo ba da ta faɗi haka. Baba Garba ya sunkuya yana gyara wayar da ba abin da ya same ta.

Bayan magariba na karanta wasiƙar. Gaisuwa ce da fatan alheri, babu abin tayar da hankali. Amma tun layin farko na ga rubutun ba irin wanda na saba ba ne. Na babana a kwance yake, yana jan wutsiyar baƙaƙe. Wannan a tsaye yake ƙiƙam. Na ci gaba da karatu, don ba na son a ce na ɓata murna. Iya ta karɓi takardar kamar kullum. Kallo ɗaya ta yi mata, ta ajiye.

Kwana biyu gidan ya rabu. Baffa yana ta nuna wa abokansa sifanu, yara suna zaure, an kai batiri Rogo an yi caji an dawo. Iya kuwa ta zama mai gadi. Ita take karɓar kwanon baƙo in an dawo da shi, ta buɗe ta ga tuwon ko kwata bai ci ba. Aka dama masa fura da nonon safe, ya kurɓa sau biyu. Na ji tana ce wa Innarmu a madafa, ƙasa-ƙasa, “Makaniki yana aiki ya aiko da kayan aikinsa gida? Da me yake kwance ƙarfen, da haƙori?” Ranar miyar Innarmu ta ƙone.

Ni ma abin ya shige ni. Na fara kallon hannayen Baba Garba, ina tunanin ko kashe babana ya yi ya kwaso kayansa, ya zo ya rufe mana baki da wasa. Amma da ya kira ni sai in je, don jirgin yana jana. Ina tuƙi ina satar kallonsa. Rana ta biyu aka harbo ni sau uku a jere, don hankalina ba ya kan gilashin. Ya ce, “Yau me ya same ki?” Na ce ba komai. Duk gidan ba wanda ya iya tambayarsa kai tsaye. Baffa bai ga abin tambaya ba, Innarmu matar aure ce ba za ta fita wurin baƙo ba, Iya kuwa bakinta ba zai iya ɗaukar maganar ɗan fari ba.

A rana ta uku Baba Garba ya ce gobe da safe zai koma Kano. Da aka yi isha’i muka je ƙofar ɗakin Iya, ba ta nan. Ta sa an kai mata kara da tabarma bakin zaure ta ciki, ta hura wuta a can, wai ɗakinta hayaƙi yana damunta. Tsakaninta da inda baƙo yake kishingiɗe asabari ne kawai. Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

“Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa.”

“Ta shigo, akwai tabarma.”

Ta ce wata tsohuwa ce take da makiyayi, ya tafi da shanu hayin wani babban kogi, ruwa ya cika ya raba su. Wata rana wani abu ya same shi a can. Ya duba tsuntsaye, bai aiki mikiya ba, bai aiki shaho ba, sai ya kira tsattsewa, don ita ce marar nauyi mai saurin juyi. Ya sa mata saƙo a baki, ya ce ta kai gida. Amma da za ta tashi sai ya riƙe mata fiffike, ya ce, “Ki je ki gano mini su, kada ki buɗe baki.” Tsattsewa ta iso gidan tsohuwa, ta ga yara, sai ta shiga yi musu wasa a sama. Ta yi sama, ta yi ƙasa, ta wulƙita, yara suna ta tafi. Tsohuwa ta zuba mata ruwa a sakaina, ta ƙi sha. Kashegari ma haka. Ba ƙin ruwan take ba, in ta buɗe baki saƙon zai faɗo. Shi kuwa saƙo kullum ƙara nauyi yake, har wuyanta ya fara lanƙwasa.

“A rana ta uku,” in ji Iya, “tsohuwa ta zauna kusa da ita, ta ce: ’Yar tsuntsuwa, na ga ƙishirwa za ta kashe ki. Wanda ya aiko ki, tun kafin ya yi haƙori na san kukansa. Ba abin da za ki ajiye a gabana da zai fi abin da nake ɗauke da shi kwana ukun nan. Ajiye ki sha ruwa.”

Ta tura kara cikin wuta. Sule ya ce, “Sai me ya faru, Iya?”

“Ban sani ba. Jira nake in ji.”

Ba mu gane ba, sai muka ji motsi a bayan asabari. Baba Garba ya yi sallama, ya fito ya durƙusa nesa da wutar, hularsa a hannu. 

“Iya, ki gafarce ni. Rantsuwa ya sa na yi masa.”

“Da rai?” Abin da ta ce ke nan.

“Da ransa, wallahi da ransa. Yana gidana a Kano, wata biyu ke nan.”

Ya ce suna aiki a ƙarƙashin wani ƙaramin jirgi, abin da ya tallafe shi ya goce, ƙarfe ya danne wa babana hannun dama. Likitoci suka yi iya yinsu, daga baya aka yanke daga gwiwar hannu. Aikin ya ƙare, aka sallame shi. Garba ya ajiye nasa aikin ya rako shi gida. Da suka sauka Kano sai babana ya ce ba zai iya shiga Fulatan haka ba, mutumin da ya tafi da sana’a a hannu ya dawo ko ɗaurin wando sai an yi masa. Wasiƙar ma shi ya faɗa, Garba ya rubuta.

Na ji kukan Innarmu daga bayan danga. Iya ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Alhamdu lillahi.” Sannan ta juyo gare ni. “Rabi, je ki ɗumamo wa baƙo tuwo.” Na kawo, ya zauna a nan gaban wuta ya cinye tas, yana ci yana share ido. Ina kallon hannayen da na zarga da kisa, ashe su ne suka yi wata da watanni suna ba babana abinci a baki.

Da gari ya waye Iya, wadda ba ta taɓa wuce Karaye ba, ta yafa mayafi ta bi Baffa da Garba zuwa mota. Bayan kwana biyu suka dawo su huɗu, har da babana. Baffa ya ba mu labari daga baya, wai da Iya ta shiga ɗakin da babana yake, ko kallon hannun ba ta yi ba. Bango ta kalla ta ce, “A gaya wa mutumin nan ya tashi, an bar shanu ba mai duba su.” Shi kuwa ya tashi.

Na daɗe ina ɗaukar Iya a matsayin mace mai yawan zargi, don haka mutane suke faɗa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Mai tallan magani bai taɓa sayar mata da komai ba. Bayan na yi aure, na je gaishe ta tana kwance, tsufa ya ci ƙarfinta, na tambaye ta a wurin wa ta ji tatsuniyar tsattsewa, don ban taɓa jin ta a bakin kowa ba. Ta yi dariya har da tari. Ta ce ranar ta haɗa ta, tana tsince wake.

“To, Iya, da bai fito ba fa?”

“Da na sa kyanwa ta shigo labarin.”

Yanzu da na kai shekarun da ake kawo mini saƙo ni ma, na gane bambancin zargina da nata. Mu biyu duk mun ga baƙon yana ɓoye wani abu. Ni na tsaya a kan cewa mugu ne, na yi ta harararsa. Ita ta lura cewa abin da yake ɓoyewa ya hana shi cin abinci, ta nemi hanyar da zai sauke shi ba tare da ya ji kunya ba. Har yau in ɗana ya kira ni daga makaranta yana ta ba ni dariya fiye da kima, gabana yakan faɗi. Ba na ce masa ƙarya yake yi. Nakan bar shi ya gama, sannan in tambaye shi ko ya ci abinci.