Kwanon Naman Layya da Na Mayar

Har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da ranar da na mayar wa maƙwabciyarmu kwanon naman layya ba.

Lokacin ina amarya, wata bakwai da kawo ni gidan mijina a wani ƙauye gefen Fassi. Mu Kiristoci ne, gida huɗu kacal a unguwar, sauran duk Musulmi. Ni kuwa ɗan karatun da na yi a Rano ya hau mini kai. Na tsara wa kaina dokoki, kada a ci wannan, kada a taɓa wancan, a ganina da haka ake samun shiga wurin Allah.

Washegarin Babbar Sallah da hantsi sai ga Hajiya, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, ta yi sallama riƙe da kwano cike da soyayyen nama. Surukata, wadda muke kira Inna, tana gona. Shekara talatin suna zaman mutunci da Hajiya, Hajiyar ce ma ta yanke wa mijina cibiya. Duk na san wannan, amma na ƙi miƙa hannu.

"Hajiya, ki yi haƙuri, mu ba ma cin naman layya."

Ta dube ni. "Tun yaushe, 'yar nan?"

"Addininmu ne ya hana."

"To, Allah ya ba ku haƙuri," in ji ta, ta juya da kwanonta. Ni kuma na koma ɗaki ina jin na yi wa Allah aiki.

Da Inna ta dawo, har da murmushina na ba ta labari. Ta jingine fartanya, ta ce in zauna. Inna ba ta san ko bihim ba, a Maguzanci ta girma, sai da ta yi 'ya'ya biyu ta karɓi Almasihu.

Ta ce, "A gidan ubana komai da tsoro muke yi. Kada ki ci baƙar kaza, kada ki bi ta gindin tsamiyar can, in kin kuskure iskoki su kama ki. Ranar da na gane Yesu ya sauke mini wannan kaya, ba don na isa ba, alheri ne kawai, ranar na san na huta. Shi ne ke za ki zo mini da sabuwar igiya? Kin taɓa tambayar abin da ya sa surukinki yake kiran mahauci Musulmi ya yanka mana akuyar Kirsimeti? Ba don bai iya wuƙa ba ne. Don Hajiya ta samu ta ci ne."

Jikina ya yi sanyi, amma girman kai ya hana ni motsi. Kwana uku Inna tana gaida Hajiya ta kan katanga, amsar ba ta wuce "lafiya lau" ba. Na ga zumuncin shekara talatin yana neman rushewa a hannuna. Na jira Inna ta tilasta mini in je, ta ƙi. Cewa ta yi, "Ba zan aike ki ba. In Ruhun Allah yana cikinki, shi zai faɗa miki abin yi."

Rana ta huɗu na kasa daurewa. Na ɗauki kwano ba komai a ciki, na shiga gidan Hajiya, na durƙusa.

"Hajiya, na zo karɓar rabonmu."

"A'a, ba addininku ya hana ba?"

"Ba addinin ba ne, Hajiya. Ni ce."

Ta shiga ɗaki ta fito da kwanon nan rufe da faifai, ko tsoka ɗaya ba a taɓa ba. Ta ce, "Kullum sai na sake soya shi don kada ya lalace. Na san a gidanku ba a mayar mini da kwano."

Nan na fashe da kuka, don kunya da kuma daɗi.

Yanzu ni ce tsohuwa a gidan, ni nake karɓar kwanon daga hannun surukar Hajiya. Abin da na koya shi ne, an 'yanta ni don in ƙaunaci mutane, ba don in ɗaure kaina in ɗaure wasu ba. Alherin da na yi ta karantawa a takarda ban gane ba, a cikin kwanon da na mayar na same shi yana jirana.