Sai Babban Baƙo Ya Iso

Abin da na fara gani da muka shiga filin shi ne rumfunan tamfol guda biyu, dukansu a gefe ɗaya. A ƙarƙashinsu an jera kujeru an lulluɓe su da farin yadi kamar na ɗaurin aure, babu kowa a kai. Tsofaffin unguwarmu, Moshi Zongo, kuwa suna kan bencinan aji da aka fito da su, a cikin rana.

Ina ƙaramar sakandare a lokacin. Wata ƙungiya mai yaƙi da ciwon sukari da hawan jini ce ta zo Tamale, aka nemi 'yan makaranta su cika wuri. Aka raba mana fararen riguna masu hoton zuciya, tawa ta kai mini gwiwa, aka ba kowacce kwali ta ɗaga. Ni an zaɓe ni ne don ba na surutu a layi.

Kakata tana benci na biyu. Ita ta raine ni, ɗaki ɗaya muke kwana, kuma ta daɗe da ciwon sukari. An yi shela a lasifikar masallaci cewa za a yi gwaji kyauta, amma kowa ya zo bai ci komai ba. Ba wanda ya yi zancen magani. Kaka ta haɗiye ƙwayarta bayan sallar asuba kamar kullum, ta wuce mai koko da ƙosai a bakin layinmu ba ta tsaya ba.

Ma'aikatan jinya biyu sun iso da wuri. Suna zaune gaban teburi, na'urorinsu a buɗe, suna danna waya. Wani tsoho mai gyaran keke ya matsa ya miƙa yatsa, sai wani saurayi mai kati a wuya ya tare shi.

"Baba, koma ka zauna. Sai babban baƙo ya iso."

"Jininsa za a auna ko nawa?"

"Shi za a fara yi wa, a ɗauki hoto. Haka tsarin yake."

"Ai da kun ce mu ci tuwo mu zo da la'asar."

Matan benci suka yi dariya. Saurayin ya gyara katinsa ya tafi duba lasifika.

Hantsi ya ɗaga. Muka yi ta maimaita waƙar da aka koya mana har ta gundure mu. Da shiru ya yi yawa sai shugabar ƙungiyar ta karɓi makirfo, wata mata cikin leshi mai nauyi, wata yarinya tana bin ta da laima. Ta yi dogon jawabi da Turanci, wani ya taƙaita shi da Dagbanci, Hausa kuma aka ce mai fassarar yana hanya. Abin da ya iso wurin tsofaffin shi ne su rage zama, su riƙa motsa jiki.

Matar da ke kusa da Kaka, mai tallan shinkafa da wake, ta ce, "Ta zo ta ɗauki tirena zuwa Kanvili ta dawo, sai mu yi zancen motsa jiki."

Na jira Kaka ta ɗora nata, don ba a yin tsiya a gabanta ta yi shiru. Sai kawai ta sa gefen mayafi ta goge saman leɓenta, ta sake gogewa. Carbinta ya zame ya faɗi a ƙasa, ba ta ɗauka ba. Na taɓa ganin haka sau ɗaya a gida, ranar da sukarin jininta ya sauka, mahaifiyata ta dama sukari a kofi da gudu ta ɗura mata.

Ban taɓa fita daga layi ba a rayuwata. Na jingina kwalina da ƙafar yarinyar da ke kusa da ni, malamarmu tana hararata, na tafi.

"Kaka, mu je gida."

"Ƙawata, koma layinki kar a ce ba ki da tarbiyya." Muryarta ta yi ƙasa. Hannunta da sanyi, jiƙe da gumi. "Na kai yanzu da yunwa, sai in tashi a banza?"

Na nufi teburin ma'aikatan jinyar, amma ban kai ba. Motoci uku suka shigo filin, kekunan haya masu ƙafa uku, yalo-yalo, da ke bakin ƙofa suka dare gefe. Mai kiɗa ya ƙara sauti. Ma'aikatan jinyar suka miƙe suna gyara riga, shugabar ta ruga da leshinta, mai laima ta ruga, mai hoto yana tafiya da baya. Babban baƙon ya fito yana goge baki da hankici. Na lura da ɗigon miya a gaban rigarsa. Shi dai ya karya.

A bayan rumfa wata mata ta buɗe babbar kula cike da ƙanƙara. Ta shiga fito da kwalaben lemo da malta tana jerawa a faranti, za a kai gaban fararen kujerun nan, daidai ƙarƙashin wani ƙyallen talla da aka zana cokalin sukari a kai aka soke shi da jan layi.

Na je na tsaya kusa da ita. Ta ɗago ta kalli rigata.

"Ke, wannan na manya ne. Ruwan ledarku yana zuwa."

Na waiwaya. Kaka ta jingina kanta da kafaɗar mai shinkafa da wake, matar tana yi mata fifita da gefen zani.

"Anti," na ce, "don Allah ki buɗe mini malta ɗaya in kai wa kakata. In an tambaya, ki ce ni na ɗauka."