Sunan da Na Kasa Faɗa a Kotu

Shekarar da zaman garinmu Dauran ya gagara saboda rashin tsaro, na kwashi yara na koma gidan kawuna a Kaura. Maigidana ya ƙi tashi, ya ce ba zai bar gonar ubansa ba. Na aika, na roƙa, na yi fushi. Da na gaji, sai na kai ƙara kotun shari'a a raba aurenmu. Ba sonsa na daina ba. Kwana da fargabar abin da zai same shi ne ya ishe ni.

Ranar zaman kotu, maigidana ya zo a kan babur, da ƙullin gyaɗa na yara. Ko kallona bai yi ba.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya. Ya ce, "Ɗiyata, wa kika kawo ƙara? Faɗi sunansa."

Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Tun da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa kiran sunansa ba, ko a bayan idonsa. Haka aka rene mu. Na sunkuya na ce, "Maigida."

"Maigidan wa?"

"Nawa."

Aka yi dariya. Maigidana ya ce, "Allah gafarta malam, ƙyale ta. Ko za mu kai la'asar ba ta faɗi."

Alƙali ya ce, "To, ban gaggawar raba mace da wanda take jin kunya haka. Ku tafi sulhu." Ya sa kawuna da wan maigidana suka zauna da mu a ɗakin gefe, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa.

A can na ji abin da maigidana bai taɓa faɗa mini ba. Kunya yake ji ya zama cima-zaune a garin surukai. Kawu ya ce, "Haba ɗana, dama wannan ne? Ga fadamata can ba mai noma ta, sai awaki."

Maigidana ya taso bayan kaka, ya kama noman albasa a bakin gulbi. Bai taɓa son Kaura ba. Kullum sai ya kushe ruwan garin, ya ce ba ya kashe ƙishi. Amma ya zauna.

Bara ciwo ya ɗauke shi, hannuna na kan goshinsa. Ni na yi masa takaba. Da alƙalin nan ya biya mini buƙata a ranar, da sai dai in ji a bakin mutane, in je gaisuwa kamar baƙuwa.