Amshi Daga Bayan Katanga

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da kulob ɗin da Baba ya tsufa yana kaɗa jita a Kafanchan. Ta can ɓangaren fili ne mai rumfar kwano da tebura. Ta namu ɓangaren kuwa madafar Mama ce, da turmi, da igiyar shanya. Kowace Asabar da yamma Baba zai goge takalmi, ya rataya jita, ya zagaya ta bakin titi, Mama ta raka shi da harara har ya sha kwana. Ita 'yar Fadan Kagoma ce, ta gaban goshi a zumuntar mata, ta riƙe coci hannu bibbiyu, kuma ba ta taɓa taka ƙofar kulob ɗin nan ba. In aka tambaye ta wane irin kiɗa mijinta yake yi sai ta ce, "Ni ban san shi ba. Kunnena na waƙan Allah ne."

Da an fara kiɗa take kora mu ɗakin gaba da littafi, ni da yayana, ta ja mana ƙofa. Ita kuma kullum ranar Asabar aiki yake taso mata a madafa: yau tsintar wake, gobe bakacen acca. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa waken gidanmu ba ya tsintuwa sai ranar Asabar ba.

Baba ma'aikacin reluwe ne, tun lokacin da jirgi ke shigowa garin nan ta kowace fuska. Wani direban jirgi daga kudu ne ya fara sa masa faifan garmaho na baƙaƙen Amurka, wani kiɗa mai tafiyar hawainiya da suke kira buluz. Baba ya ce da ya ji sai ya ga ai kukan gida ne, yare kawai aka canza. Ya sayi jita ta hannu, ya koya wa kansa, yana jan tsirkiya da yatsa har ta yi kuka kamar mutum. Ya zuba mata Hausa da yarenmu. Ya yi wasa a Jos da Kaduna da Zonkwa, ya kaɗa a bukukuwan auren mutanen da yanzu jikokinsu ke aure. Wasu makaɗa sun taɓa zuwa za su tafi da shi Legas, ya ce a kai kasuwa, mutanen can ba su san inda ake amsa masa ba. Mun sha jin wannan magana a bakinsa, muna ɗauka fahariyar tsoho ce.

Makaranta da aiki suka ɗauke mu. Na zama malama, yayana ya zama hedimasta kuma dattijon coci, irin mutanen da in sun yi gyaran murya ko kaza sai ta nutsu. Muna can muna hidimarmu sanyin ƙashi ya kama hannun hagun Baba. Yatsun suka fara lanƙwashewa, likita ya gaya mana gaskiya cewa gaba abin zai yi, ba baya ba. Sai rana ta take, an shafa masa man zafi, hannun yake buɗewa na ɗan lokaci kafin ya sake rufewa. A nan hankalina ya tashi, don duk tsawon shekarun nan ba mu da kiɗan Baba a ajiye. Abin da ke cikin wayoyin mutane, in ka kunna, janareto za ka ji yana waƙa, Baba na yi masa rakiya daga nesa.

Muka ce mu kai shi situdiyo a Jos. Ya dube mu ya ce, "Ni ba na kiɗa wa bango. In za ku ɗauka, ku zo inda nake yi." Haka muka ɗauko wani mai ɗaukar sauti, mutum mai furfura da haƙuri, aka tsayar da wata Asabar bayan an gama haƙar citta, da rana tsaka saboda hannun. Kowa ya san wannan ce damar, in ta wuce ba lalle a sami wata ba.

Abin da mai ɗaukar sautin ya ce kaɗan ne: kada a taka masa wayoyi, kuma a rage surutu dab da makirfo. Amma magana ta faɗa kunnen hedimasta. Kafin gari ya waye yayana ya sa an kwashe tebura, an jero bencina layi-layi, an lulluɓe kwalabe da zane kamar masu jin kunya. Ya gayyato fasto da 'yan kwaya da tsofaffin malamai. Dangi suka zo daga Kagoma a kan babura, mata cikin anko, maza da kwat a wannan zafi. Tsofaffin 'yan reluwe da mai farfesu da sauran 'yan gida, waɗanda suka san kulob ɗin kamar tafin hannunsu, aka roƙe su da ladabi su jira a waje sai an gama, don an san bakinsu ba ya rufuwa. Suka yi fushi, suka tsallaka titi suka zauna gindin mangwaro. Wallahi da zuciya ɗaya muka yi, mu a ganinmu girma muke ba Baba, irin girman da muka iya.

Na je na roƙi Mama ta zo. Ta ce, "Ko bishop ne ya shiga, ni ba zan shiga ba. Ina da acca." Ta ɗauki faifan bakacenta ta nufi madafa.

Aka yi addu'ar buɗewa. Yayana ya tashi ya ce, "Jama'a, daga yanzu ko tari a riƙe shi sai an tashi." Baba ya hau kujera, ya dubi layukan mutane, ya dubi inda teburan suke a da. Ya fara da waƙarsa da kowa ya san shi da ita, ta mutumin da ya makara a tasha. Jitar ta fito tsaf, har tsikar jikina ta tashi. Ya rera, "Jirgi ya tafi ya bar ni a tasha," sai ya ɗaga hannu daga jitar ya jira.

Mu kuwa muka zuba masa ido, hannu a cinya. Ni na ɗauka salo ne. Wata 'yar kwaya ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, yayana ya juyo, ta haɗiye. Baba ya sake zagayowa, ya rera layin, ya ɗaga hannu. Shiru. Na ga gumi ya keto masa, na ga yatsun nan da aka sha wahalar buɗewa sun fara komawa. Kiɗan ya soma sanyi, ya rasa gishiri, kamar mutum na gaisuwa ba a amsa masa. Mai ɗaukar sauti ya zare abin kunnensa yana waige-waige. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga Baba ya kai hannu ga maɗaurin jitar zai sauke.

Ya daure ya gwada sau ɗaya kuma, murya ƙasa-ƙasa. "Jirgi ya tafi ya bar ni a tasha." Sai daga bayan katanga, tare da kaf-kaf ɗin faifan bakace, wata murya ta taso garau, a daidai inda ya bar mata wuri: "Wani na zuwa!"

Ba wanda bai gane muryar ba, ita ce ke ɗaga waƙa a zumuntar mata. Ashe haka waƙar take: Baba ya kai kuka, jama'a su ba shi haƙuri. Ashe kuma shekara da shekaru Mama na amsawa daga madafa, hayaniyar kulob na rufa mata asiri. Ran nan mun share mata fili da shirunmu, ita ba ta sani ba.

Baba ya daskare, baki buɗe. Sai ya fashe da dariya har jitar na rawa a cikinsa. Ya juya ya fuskanci katanga, ya ba mu baya gaba ɗaya, ya rera baiti na gaba: "Na sayi tikiti, ruwa ya jiƙa shi." Faifan ya tsaya. Ta gane an ji ta. Can sai muryar ta dawo, wannan karon da faɗa a ciki: "Wani na zuwa, na ce maka! Ku kuma mutanen ciki, gawa kuka zo gani? Mutum yana kira, kun zauna kaman kujera!"

Fasto ne ya fara amsawa, Allah ya ba shi lada. Ya miƙe ya ce, "Wani na zuwa!" da muryar wa'azi. Na ruga bakin titi na yafuto 'yan gindin mangwaro, ko ja min rai ba su yi ba, dama a kan ƙafa suke. Mai farfesu ta shigo da guɗa. Wani tsohon ɗan reluwe ya yaye zanen kwalabe ya ɗauki biyu yana kaɗa su da mabuɗi. Bencina suka watse, kwat suka sauka, matan Kagoma suka ɗaure gyale a ƙugu. Yayana ya yi ta ɗaga hannu don a nutsu yana cewa, "Oda, oda," har mai ɗaukar sauti ya kama shi ya zaunar, ya ce abin da ya zo nema ke nan. Daga baya na hango ƙafar hedimasta tana aiki a ƙarƙashin benci.

Ni na zagaya gida na kamo hannun Mama. Ta yi ta cewa, "Sake ni, zanina na aiki ne," amma ƙafarta ba ta yi gardama ba. Ta tsaya a bakin ƙofar kulob da faifai a hannu, garin acca har a gira. Baba ya ce ta makirfo, "Maman yara, ashe kina ji?" Ta ce, "Baban yara, mutum zai toshe kunne a gidansa? Yi kiɗanka, hannun zai rufe." Ya kuwa yi. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan yammacin ba, ina dariya hawaye na zuba. Hannun ya kai shi har rana ta yi sanyi, ya kaɗa duk waƙoƙin da yake so a ajiye, har da wata da ya ce tun shi da Mama suna saurayi da budurwa ya yi ta bai taɓa gaya mata ba.

Kafin damina ta zagayo yatsun suka rufe, jitar tana rataye a falo yanzu. Mai ɗaukar sauti ya tambaye mu ko a yanke farkon nan mai shiru da faɗan Mama, Baba ya ce wanda ya taɓa wurin nan su haɗu a kotu. In jikoki sun zo aka kunna, muryar ta taso, Mama kan ce, "Wannan ba ni ba ne, matan maƙwabci ne."

Asabar ɗin da ta wuce na je gaishe su. Na tarar da Baba a kujera yana murza hannun, ciwo ya hana shi sakat. Bai ga shigowata ba. Ya dubi jitar a bango, ya rera a hankali, ba kiɗa, "Jirgi ya tafi ya bar ni a tasha." Mama ta fito daga madafa da man zafi, ta zauna kusa da shi, ta kama yatsun tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Wani na zuwa. Kawo hannun."